Agogon Nutso da Kunyar Suruki

Har gobe idan na ji wani ya ce araha ba ta ado, sai raina ya ɓaci. Yayana ne ya yaɓa mini wannan magana, a falona, yana kurɓar shayin da na dafa, yana jujjuya agogon nutson da na saya wa maigidana kamar a bola ya tsinto shi. Ban tanka ba. A gidanmu ba a tanka wa Yaya. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya ɗauki nauyin karatuna har na zama mai harhaɗa magunguna, shi ya fara zuwa Madina aikin likita sannan ya jawo mu, ya samo wa maigidana aikin injiniya, ya tsaya tsayin daka har iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ta fito. Duk na san wannan. Ba sai an tuna mini ba, amma kullum sai an tuna mini.

Maigidana mutumin Yawuri ne, a bakin kogin Kwara aka haife shi, kuma ya iya iyo kafin ya iya karatun allo. Ni Bakanuwa ce, ruwan da na sani bai wuce na randa ba. Duk wanda ya ji muna zaune a Madina sai ya ce mun dace, kuma wallahi mun dace, ban taɓa musun wannan ba. Amma a unguwar Harra ta Gabas muke, in ka leƙa ta taga baƙin dutse ne da gidaje sun cushe da juna, kuma ina kallo mutumin nan yana bushewa a gabana shekara da shekaru. Ya dawo daga dawam, wato wurin aiki, ya ci abinci, ya zauna gaban talabijin ba kallo yake ba. Yara su yi masa magana da Larabci ya amsa da "to". Sai wata rana abokan aikinsa suka ja shi Yanbu, bakin Bahar Maliya, aka goya masa tukunyar iska aka shiga da shi ƙarƙashin ruwa. Ranar da ya dawo sai da na ce masa ya bari in ci abinci tukuna, don ya cika ni da labarin kifaye masu launi da duwatsun ruwa masu rassa. Na daɗe ban ji dariyarsa irin ta ranar ba. Daga nan na ƙudura a raina cewa ko me zai ci, ba zan bari wannan abu ya suɓuce masa ba.

Da ya shiga koyon nutson sosai, tare muka karanta littafin da aka ba su. Ni nake riƙe shi ina yi masa tambayoyi kamar ɗan jarrabawa. A nan na gane abin ba wasa ba ne. Iskar da mutum yake shaƙa a can ƙasa tana jiƙa jininsa da tsokarsa, gwargwadon zurfin da ya kai da daɗewar da ya yi. In ya daɗe fiye da ƙima, ko ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a cikin jiki kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe. Kumfar nan tana iya tsayawa a gaɓa, tana iya tsayawa a laka. Agogon nutso, wanda masu sayarwa ke kira kwamfuta, shi ke lissafa wa mutum duk wannan. Yana ɗaure a hannunka, yana ƙirga zurfinka da lokacinka, ya gaya maka sauran minti nawa, ya yi ƙara in kana tasowa da sauri, kuma yana riƙe da lissafin nutson safe ya haɗa da na rana. Wannan ai aikina ne. Kullum a bayan kanta ina gaya wa mutane kada su ba wani maganin da aka rubuta musu, don ba jikinsu ɗaya ba.

Da farko haya yake yi a shagon masu jirgin ruwan da ke kai su nutso. Yau a ba shi wannan, gobe wancan, kowanne da inda ake danna shi, wani ma gilashinsa duk ya karce. Na ce a'a, sai ya mallaki nasa. To amma albashin Saudiyya a bakin mutanen gida yake da yawa. Ga hayar gida, ga makarantar yara, ga dangi ɓangare biyu da kowa ke ganin a bakin rijiyar kuɗi muke kwana. Shi kuma maigidana irin mutanen nan ne da in ka tura su sayen takalminsu sai su dawo da na yara. Na san in na bar masa, shekara za ta zagayo bai saya ba. Sai na karɓi abin a hannuna.

Na sha wahalar zaɓen nan, kuma ina faɗa ne don a san ba da ka na yi ba. A lokacin hutun aiki ina kan waya ina karanta bayanin wannan da wancan har abokan aikina suka fara tsokanata wai ko teku zan koma. Sannan na bi shi Yanbu da ƙafata. Mai shagon, da ya ga baƙar mace da abaya, sai ya ɗauka ko dai ban san komai ba ko kuma kuɗi ne ya yi mini yawa, ya fara fito mini da masu fuska mai launi, masu haɗuwa da waya, masu gaya maka sauran iskar tukunya. Na bar shi ya gama wa'azinsa. Na ce masa mijina ba aikin haƙo jirgin da ya nutse zai yi ba, kallon kifi zai je ranar hutu. Ina son mai manyan lambobi, don idonsa ya fara neman tabarau kuma ba a sa tabarau a ƙarƙashin ruwa. Ina son mai batirin da mutum zai canza da kansa, wanda zai daɗe bai mutu ba. Ina son mai maɓalli ɗaya ko biyu, mai ƙara da ƙarfi, wanda za a iya saita shi ya riƙa tsananta lissafi, ya fito da mutum da wuri, don maigidana ba yaro ba ne kuma tumbi ya fara zuwa. Mai shagon ya durƙusa ya jawo wani daga can ƙasan kanta. Baƙi ne, mai kauri, faɗinsa kamar murfin gwangwanin madara, babu wani kyau a jikinsa. Shi ne mafi araha a cikin masu inganci, kuma duk abin da na lissafa yana da shi. Na ce halas, shi ke nan, a naɗe mini.

A mota na kafa masa sharaɗi biyu. Na farko, agogon nan ba ya barin hannunsa, ba a ara, kamar yadda ba a aron asuwaki. Na biyu, duk ranar da ya yi nutso a Yanbu zai kwana. Malaminsu ma ya faɗa musu. Madina a kan tudu take, hanya kuma hawa ce tun daga wajen Badar, ta ratsa duwatsu, kuma hawan tudu da iskar nan a jini ɗan'uwan hawa jirgin sama ne. Ya ce ya ji, ya yi alkawari. Kuma ya riƙe, ba zan zalunce shi ba. Wata da watanni yana zuwa yana dawowa lafiya, fuska a sake.

Sai Yaya ya ji labari. Yaya kuwa ba ya iya ganin wani yana jin daɗin abin da shi bai taɓa ba. Nan da nan ya yi rajistar koyo, kuma kafin ya iya daidaita numfashinsa ya sayi kaya na gani na faɗa. Agogonsa shi ne mafi tsada a shagon, ana yi masa caji kamar waya, fuskarsa tana walƙiya. Ranar da ya zo daga gidansa na unguwar Al-Sih don ya nuna mana, ranar ce ya ɗauki na maigidana da yatsa biyu ya ce, "Auta, ke da aikinki da komai ki saya wa Injiniya wannan? Araha fa ba ta ado." Maigidana ya yi dariya, irin dariyar da suruki yake yi wa wan matarsa ko ba a faɗi abin dariya ba. Ni kuma na kwashe kofuna na shige kicin ina cizon leɓe.

Wani ƙarshen mako suka tafi tare a motar Yaya. Ni ina aikin kwana a asibiti. Na dawo da safe ina tunanin gida ba kowa sai yara, sai na ga takalminsa a bakin ƙofa. A lissafina kuwa a lokacin ne ma ya kamata su taso daga Yanbu. Falon duk warin man zafi. Yana zaune a kan darduma ya jingina da kujera, ya ce mini sannu da zuwa da wata murya ta lallashi wadda na san ba banza ba. Na haɗa shayi na miƙa masa. Ya sa hannun dama zai karɓa, kofin ya zame ta tsakanin yatsunsa ya kife a kan kafet. Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne.

Na dubi tsintsiyar hannunsa ta hagu. Babu komai.

"Abbansu, ina agogon?"

"Yana wurin Yaya."

Da ƙyar na tatso labarin, guntu-guntu, yana yi yana kare wanda ya cuce shi. Nutson safe sun yi lafiya. Da suka fito kan jirgi, agogon Yaya ya ɗauke ɗif, don daren jiya ya kwana yana nuna wa mutane hotuna a jikinsa bai yi masa caji ba. Jagoran jirgin kuma ba ya barin kowa ya shiga ruwa babu agogo, kuma babu na haya a jirgin. Sai Yaya ya matso kusa da shi ya ce a hankali, Injiniya miƙo naka, kai ai ɗan ruwa ne, a kogi aka haife ka, ka tsaya kusa da ni kawai, abin da ya gaya mini ya gaya maka. Mijina ya kwance agogon da na sha wahala na zaɓa masa ya miƙa. Don kada jagora ya gane kuma, sai ya ɗaura mataccen agogon Yaya a hannunsa. Da ado ya shiga teku, ado na gaske, mai tsada, wanda ko lokaci ba ya nunawa.

A can ƙasa kyamarar Yaya ta suɓuce ta yi zurfi. Wa zai bi ta? Suruki mana. Ya bi ta har inda ruwan ya yi duhu ya yi sanyi, bai san zurfin da ya kai ba, ya kamo ta, sannan ya taso da sauri don ya cim ma Yaya, babu abin da zai yi masa ƙara ya ce sassauta. Bayan sun ci abinci suka sake shiga na uku, a haka. Da suka fito, agogona mai araha yana hannun Yaya yana nuna alamar jirgin sama, wato a dakata kada a hau sama. Yaya ya ce ai mota za su shiga ba jirgi ba. Yana da baƙi daga gida da suka zo Umra, ya yi musu alkawarin zai kai su sallar isha'i a Harami. To wa zai buɗe baki ya ce wa mai son salla a Masallacin Annabi ya dakata? Maigidana dai ba zai iya ba. Ya shiga mota.

Tun kafin su gama hawan duwatsu kafaɗarsa ta fara ciwo, wani ciwo mai nuƙurƙusa daga cikin ƙashi, hannun yana zugi kamar ana soka masa allurai. Yana zaune kafaɗa da kafaɗa da likita, bai ce uffan ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce in ya faɗa, kamar ya ɗora wa Yaya laifi ne, kuma mutumin nan ya yi mana komai. Da ya iso gida sai ya yi abin da uwarsa za ta yi masa a Yawuri, ya gasa kafaɗar da ruwan zafi ya mulke da man zafi, abin da littafin da muka karanta tare ya ce kada a kuskura a yi. Ya san haka. Wallahi ya sani, ni na yi masa tambayar da bakina ya amsa daidai.

Ban san lokacin da na ce masa, "To yanzu kunyar ta zo ta riƙe maka kofin mana," ba. Na faɗa, kuma ban janye ba. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, da shi, da Yaya, da wannan ɗabi'a tamu da mutum zai gwammace ya mutu da ya ce wa babba a'a.

Na kira Yaya ina neman makullin mota. Ya ce gajiya ce, in ba shi maganin ciwon jiki ya kwanta, su yanzu suna hanyar Ƙuba da baƙi. Likita ne fa yake gaya mini haka. Na kashe wayar bai gama magana ba, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na kai maigidana sashen gaggawa, aka sa masa iskar oksijin, aka nemo motar asibiti. Ɗakin matsin iska da ake maganin wannan ciwo babu shi kusa, sai an koma bakin teku. Hanyar da ya hawo jiya don kunya, ita muka sake gangarawa yana kwance da abin numfashi a fuska, ina riƙe da hannun da ba ya jin riƙona.

Likitan can, tambayarsa ta farko ita ce ina kwamfutarsa, yana so ya ga zurfin da ya kai da yadda ya taso. Na buɗe jakar kayansa, abin da na samu shi ne agogon Yaya mai walƙiya. Likitan ya danna, ya sake dannawa, ya dube ni. Na tsaya ina yi wa baƙo bayani da Larabcina mai karyewa cewa nasa yana wurin wana, sun yi musaya a jirgi. Ya ce ko an kawo wancan ba zai amfane shi sosai ba, abin da ke ciki na jikin wani ne. Sannan ya tambayi me ya sa muka bari har aka kwana.

Sun shigar da shi ɗakin nan sau da yawa, wani abu kamar tankin ruwa a kwance, ina leƙensa ta ɗan gilashi. Alhamdu lillahi ciwon ya tafi, ƙarfin hannun ya dawo kaɗan-kaɗan. Amma babban yatsa da manuni na dama ba su dawo ba. Suna motsi, sai dai ba ya jin abin da suka taɓa, ba ya iya ɓalla maɓallin riga sai yana kallo, wani lokaci ko yana kallon ma ba ya iyawa. Ranar sallama likitan ya gaya masa a gabana cewa nutso ya ƙare masa. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. A mota ya juya fuskarsa wajen taga har muka bar ganin teku, ni kuma ina tuƙa motar da na koma gida na ɗauko, ina hawaye, kuma hawayen haushi ne.

'Yan uwanmu na Madina sun yi ta zuwa dubiya, likitoci da malaman jami'a, kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, ni Musulma ce. Amma tsautsayin nan da hannu ya kwance agogo, da baki ya ce a shiga mota. Babu wanda ya faɗi haka, don duk sun san Yaya kuma rabinsu shi ya kawo su.

Yaya bai zo da wuri ba. Da ya zo, ya zo da kwalin dabino da wani ƙaramin akwati a naɗe. Bai ce a yi haƙuri ba, Yaya bai iya wannan kalma ba. Ya zauna ya yi jawabi a kan haƙuri da jarrabawa, sannan ya miƙo akwatin ya ce sabon agogon nutso ne, irin nasa, na ƙarshe a kasuwa. Bai ma tambayi abin da likita ya ce ba. Maigidana ya miƙe tsaye, ya sa hannu biyu kamar yadda ake karɓar kyautar babba, yana cewa Allah ya saka da alheri Yaya, ai ba komai. Akwatin ya zame daga hannun dama ya faɗi a kan kafet, daidai inda tabon shayin nan yake. Ya durƙusa zai ɗauka yana ba da haƙuri. Shi yake ba da haƙuri.

Na riga shi ɗauka. Na ajiye a cinyar Yaya.

"Yaya, likita ya ce ba zai sake shiga ruwa ba har abada. Ka riƙe naka. Ka ba ni nawa mai araha."

Yaya ya dube ni ya ce, "Auta, ni kike gaya wa haka?" Na ce shi nake gaya wa. Ya tashi ya sauka ƙasa, ya ɗauko agogon daga aljihun motarsa, ya bayar a hawo mini da shi, bai dawo ba. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta salla da ta rasuwa. Dangi a Kano sun ji, an ce na yi butulci, an ce Madina ta sa na fi ƙarfin kowa. Su faɗa. Babu wanda ya taɓa kira ya tambaye ni yaya yatsun.

Na so in jefa agogon a aljihun tebur in manta da shi. Maigidana ya ce in ba shi. Yanzu shi yake ɗaurawa zuwa aiki, ƙaton baƙin abu a ƙarƙashin hannun farar riga, abokan aikinsa suna yi masa dariya. Batirin nan da na dage a kansa har yau bai mutu ba. Agogon yana da wasu ƙananan ƙarafa a gefe da ke farkar da shi in sun jiƙe, don haka duk lokacin da ya yi alwala sai fuskar agogon ta kawo haske, ya ɗauka an shiga teku, ya nuna zurfi sifili da manyan lambobin nan da na zaɓa don idonsa. Sai maigidana ya tsaya da ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa yana kallo har ya ɗauke. Ni in na ga haka barin wurin nake yi, don har yanzu ban huce ba.

Madaurin roba ne mai tauri, sai an ja an soka a rami, kuma yatsun dama ba sa jin ramin. Kowace safiya kafin ya fita sai ya zo inda nake ya miƙo mini hannun hagu. Ni nake ɗaura masa.